Rayuwar Sabon Shiga a Tseren Babur na Kan Titi

Tseren babur na kan titi gasa ce da ake yi a kan hanyar da jama'a ke bi kullum. Hukuma ta rufe ta na wasu sa'o'i, a yi tsere, a buɗe, motoci su ci gaba da wucewa. Ya sha bamban da irin na MotoGP, inda aka gina hanyar musamman domin gudu, aka bar fili da tsakuwa a bakin kowace kwana don wanda ya faɗi ya sulale har ya tsaya. A kan titi, abin da ke bakin kwana katangar dutse ce, ko turken fitila, ko ƙofar gidan wani. Cibiyar wasan ita ce Ireland da tsibirin Isle of Man da ke tsakaninta da Birtaniya. A tsibirin ake gasar TT tun 1907, kuma tun 1911 ake bin hanyar nan mai hawa dutsen Snaefell, wadda zagayenta ɗaya ya kai kilomita 60.7, da kwana fiye da 200.

Babu mai farawa daga nan. Matashi yakan fara ne da ƙananan gasanni a rufaffen fili, da lasisin koyo, sanye da riga mai ruwan lemo a kan kayan tserensa don sauran su san sabon hannu ne su ba shi hanya. Sai ya tara gasanni ba tare da ɓarna ba kafin a ɗaga darajar lasisinsa. Daga nan wasu kan gwada gajerun tituna irin na Cookstown 100 da Tandragee 100 a Ireland ta Arewa, ko Southern 100 a tsibirin, yawanci a kan babur mai silinda biyu na ajin Supertwin ko mai cc 600, kafin su taɓa manyan masu cc 1000. Gasar Manx Grand Prix, wadda aka kafa a 1923 domin 'yan sha'awa, a kan hanyar TT ɗin ake yinta a ƙarshen Agusta, kuma ita ce ƙofar da da yawa suka bi. Hanyar dutsen ma tana da nata lasisin daban, wanda hukumar tseren babur ta ACU ke bayarwa.

Mafi yawan aikin sabon shiga hadda ce. Watanni kafin gasa yana kallon bidiyon da aka ɗauka daga kan babur, dare bayan dare, har ya iya faɗin abin da ke tafe kafin ya bayyana. Yakan je tsibirin ya ɗauki hayar mota ya yi ta zagaye, sau da yawa tare da tsofaffin 'yan tsere irin su Richard Quayle da John Barton, waɗanda aka ɗora wa horar da baƙi. Ba sunan kwana kawai ake haddacewa ba. Ana haddace inda kwalta ta yi tudu, inda murfin magudanar ruwa yake, farin fentin da ke santsi in ya jiƙe, da inuwar itatuwan Glen Helen inda laima kan daɗe bayan sauran hanya ta bushe. A gadar Ballaugh tayoyi biyun duka kan bar ƙasa. A gangaren Bray Hill babur kan dannu har cikinsa ya kusa shafar kwalta. Da yamma rana kan bugi ido a wasu wurare, ƙwari kuma su mammanne a gilashin hular kwano, shi ya sa ake liƙa masa siraran ledoji ana ɓarewa ɗaya bayan ɗaya ana cikin gudu. Zagayen farko na baƙo a bayan jami'i yake yinsa, da gudun da aka ƙayyade. Masu harkar kan ce sai an yi shekara uku kafin a san hanyar, kuma ba ƙari suka yi ba. Peter Hickman ya zo baƙo a 2014, bai ci gasa a TT ba sai 2018, a 2023 kuma ya kafa sabon tarihin zagaye a minti 16 da daƙiƙa 36, wato matsakaicin gudun kilomita 219 a awa.

A TT ba a tashi gaba ɗaya. Ana sakin mutum ɗaya duk bayan daƙiƙa goma, kowa da agogo yake tsere. Wannan yana da tarko: sabon shiga da gwani ya wuce shi yakan ji kamar ya bi bayansa, alhali gwanin ya san abin da ke bayan kwanar, shi kuwa bai gama sani ba. A North West 200 ta watan Mayu kuwa, tsakanin garuruwan Portstewart, Coleraine da Portrush, rukuni-rukuni ake tashi, kafaɗa da kafaɗa.

Sauran lokacin sabon shiga a gareji yake ƙarewa. Wanda bai da babban kamfani a bayansa, shi ne direban motar ɗaukar kaya, shi ne rabin bakanike, mahaifinsa ko abokinsa su ne sauran rabin. Kafin kowace fita masu bincike kan duba babur: birki, kaca, taya, da notin juye baƙin mai, wanda dole a huda shi a ɗaure da waya. Dalilin wayar a fili yake. Girgizar titi kan kwance noti, kuma cokali kaɗan na baƙin mai a kan kwalta ya isa ya kayar da duk wanda ke biye. Ana duba kayan jiki ma: rigar fata mai haɗe da wando, makarin baya, safar hannu, takalmi, hular kwano. Ana naɗe tayoyi da bargon lantarki don su yi ɗumi kafin a tashi, domin taya mai sanyi ba ta kama ƙasa. Saitin babur na titi ya fi na fili laushi, saboda wanda aka ɗaure shi tamau yakan yi ta girgiza kai a kan gargada.

Kuɗi kuwa su ne ke korar mafi yawa. Taya, mai, kuɗin shiga, jirgin ruwa, gyaran inji, duk daga aljihu, kuɗin kyauta kuma na 'yan gaba-gaba ne. Don haka kusan kowa yana da sana'a. John McGuinness, mai nasara 23 a TT, magini ne tun asali. Guy Martin bakaniken manyan motoci ne. Ƙaramin ɗan tsere kan bi shagunan garinsu yana neman mai taimaka masa da kuɗin taya a liƙa sunan shagon a jikin babur. Ƙarancin kuɗi yana da nasa haɗarin, don shi ke sa a sake hawa tayar da ta kamata a jefar.

Haɗarin ba ɓoyayye ba ne. Fiye da mutum 260 sun rasu a hanyar dutsen tun 1911, duk da ɗaruruwan masu tsaron hanya na sa-kai, da likitoci, da jirage masu saukar ungulu da ke jiran ko-ta-kwana. Bayan rasuwar ɗan tsere Gilberto Parlotti a hanyar a 1972 gwani Giacomo Agostini ya ƙaurace wa gasar TT, bayan 1976 kuma aka cire ta daga jerin gasannin kofin duniya na babur. Gidan 'yan tsere na Dunlop ya rasa Joey a Estoniya a 2000, ƙaninsa Robert a North West 200 a 2008, da William ɗan Robert a 2018. Michael, ɗayan ɗan Robert, shi ya zarce tarihin baffansa Joey na nasara 26 a TT a 2024. In haka ta ke faruwa ga ƙwararru a rufaffiyar hanya, to wasan da samari ke yi da babur a titunan garuruwanmu na Arewa ranar ɗaurin aure, ba hular kwano, cikin motoci da masu tafiya a ƙasa, bai haɗa komai da wannan sana'a ba sai ƙarar inji.

Matakan da sabon shiga ke takawa su ma suna raguwa. Ulster Grand Prix ta tsaya bayan gasar 2019 saboda bashi, a farkon 2023 kuma tsadar inshora ta kusa soke gasannin Ireland ta Arewa gaba ɗaya, sai da magoya baya suka yi karo-karo. Ƙananan gasannin nan su ne makarantar, kuma duk wadda aka rufe, matashi ya rasa wurin da zai saba da katanga da gefen titi kafin ya tsaya a layin tashi na Isle of Man.