Kasuwar karbon: me ake saye a itatuwanmu?

Ƴan uwa manoma da makiyaya, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata kasuwa wadda ba ta da rumfa, ba ta da ranar ci. Hajar da ake saidawa a cikinta ba a auna ta da tiya, ba a ɗora ta a amalanke. Sunanta kasuwar karbon. Wasunku sun ji labarinta a rediyo. Wasu kuma sun ga baƙi sun sauka a ƙofar mai gari, suna cewa za a biya mutane kuɗi in sun bar itatuwa tsaye. Kafin mutum ya dangwala yatsa a takarda, wajibi ne ya san abin da yake saidawa, da nawa zai saida, da kuma tsawon shekarun da cinikin zai ɗaure shi.

Mene ne karbon?

Ku dubi gawayin da ke cikin murhu. Baƙin abin nan shi ne karbon. Akwai shi a icce, da kara, da man fetur, da kwal irin wanda ake haƙowa a Anu Araren. In an ƙona ɗaya daga cikin waɗannan, karbon yakan tashi ya zama wata iska marar launi, marar wari. In ta yi yawa a sama, sai ta rufe duniya kamar bargo, ta hana zafin rana komawa inda ya fito. Wannan shi ake kira ɗumamar yanayi. Mu a nan muna ganin alamunsa: zafi na ƙaruwa, damana na rikicewa, wata shekara fari, wata shekara ambaliya.

Ɗanyen itace yana shaƙar iskar nan ta ganyensa, yana gina gindi da rassa da saiwa da ita. Kusan rabin nauyin busasshen icce karbon ne. Icce mai nauyin tan 1, wato kilo 1.000, ya janye kimanin kilo 1.800 na iskar daga sama. Muddin itacen na tsaye, iskar na ɗaure a jikinsa. Ran da aka sare shi aka ƙona, ta koma inda ta fito.

Ba kowa ke fid da iskar nan daidai da kowa ba. Ɗan Nijar guda yana fid da kamar kilo 100 a shekara ta hanyar mai da kwal. Mutumin Amurka guda yana fid da wajen tan 14.

Yadda cinikin ke tafiya

A 1997 ƙasashen duniya suka taru a birnin Kyoto na ƙasar Japan, suka yarda cewa ƙasashe masu masana'antu su rage iskar da suke fitarwa. Aka kuma buɗe musu wata ƙofa: wanda ya kasa ragewa a gidansa, yana iya biyan wani a wata ƙasa ya rage a madadinsa. Yarjejeniyar Paris ta 2015 ta maye gurbin ta Kyoto, kuma ta bar ƙofar a buɗe. Yau har kamfanonin jiragen sama da na mai suna saye don kansu. Takardar shaida guda tana wakiltar tan 1 na iskar karbon da aka ɗaure ko aka hana ta tashi. Takardar nan ita ce hajar.

Kafin a buga takardar akwai aiki mai yawa. Ana shata iyakar fili. Ana zaɓen ƙananan wurare a cikinsa, a ƙirga itatuwan, a auna kaurin kowane daidai ƙirjin mutum. Ana duba hotunan tauraron ɗan Adam. Sannan masu bincike su zo daga waje su tabbatar da lissafin. Duk waɗannan mutane biyansu ake yi, kuma daga kuɗin karbon ɗin ake cirewa. Ga dillalai a tsakani. Kowa ya san kasuwar dabbobi ya san abin da ke faruwa in saniya ta bi ta hannun dillali uku kafin ta kai ga mai saye.

Abin da aka gani a Nijar

An riga an gwada wannan ciniki a ƙasarmu. Tun wajen 2006, da tallafin Bankin Duniya, garuruwa 26 suka dasa dakwara a faƙo da matattun filaye da suka kai eka 7.200. A 2020 Bankin ya ba da labarin cewa an biya su kuɗin karbon na farko, dalar Amurka 450.000. (Ba dala irin tamu ta tamma biyar ba.) A kuɗinmu na sefa, ya kai kamar miliyan 265.

Kuɗi ne masu kauri a kunne, kuma garuruwan sun cancanci yabo. Amma mu ɗauki alli mu yi lissafi. Miliyan 265 a raba wa eka 7.200: kowace eka ta tashi a kan kusan jika 37. A sake raba jika 37 ga shekara 14 da aka yi ana jira: jika 2 da rabi ke nan da ƴan kai, a shekara, a eka. Wannan lissafi namu ne, don gwaji. Abin da ya nuna shi ne kuɗin karbon ƙari ne kawai. Babbar ribar mutanen nan tana cikin ƙaron da dakwara ke bayarwa, da ciyawar da ta dawo a faƙo, da ƙasar da ta farfaɗo har aka iya shuka a tsakanin layuka.

To, itatuwan gonakinmu fa?

Tsofaffi na tune da yunwar 1984, wadda ake kira El Buhari. A waɗannan shekaru ne sassaben zamani ya fara bazuwa a jihar Maraɗi. Wani malamin gona ɗan Ostareliya, Toni Rinodo, ya lura a 1983 cewa kututturan da ake sassabewa kowace bazara suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. Manomi ya zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi a kututture, ya share sauran, ya kare su daga wuta da gatari. Daga Maraɗi zuwa Damagaram, manoma suka rayar da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan eka miliyan 5: gawo, kalgo, sabara, aduwa, magarya. Mafi yawansu ba wanda ya biya su. Sun yi ne saboda sun ga hatsin da ke ƙarƙashin gawo ya fi na fili, sun ga ƴaƴansa na cece dabba a rani, mata kuma sun huta da tafiya mai nisa neman itacen girki.

Mai karatu zai ce: ashe mun tara dukiyar karbon, sai a zo a biya mu. A nan gizo ke saƙa. Ƙa'idar kasuwar ita ce ana biyan abin da, in ba don kuɗin ba, da bai samu ba. Itacen da manomi ya riga ya rayar da guminsa ba ya shiga lissafi. Wanda ya gyara gonarsa tun shekara 30 ya tashi a tutar babu, wanda ya bar tasa tsirara shi ke da abin saidawa. Mu dai ba mu ga adalci a nan ba, amma haka dokar kasuwar take.

Inda aka fara sassaben tare da yarjejeniya tun ranar farko, an samu kuɗi. A Humbo ta ƙasar Habasha, mutane sun farfaɗo da dajin tsaunukansu, eka 2.700 da ɗoriya, da wannan dabara ta Maraɗi. An yi wa aikin rajista a 2009, kuma sun karɓi kuɗin karbon.

Masu saye suna da zaɓi

Kada mu zaci itatuwanmu kaɗai ke kasuwa. A gaɓar teku, a ƙasashe irin su Senegal da Kenya, akwai wasu itatuwa da ke tsaye cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje kamar ƙafafun gizo-gizo. Turawa na ce musu mangurob. Ganyensu da saiwarsu na nutsewa cikin taɓo, ba sa saurin ruɓewa, saboda haka eka guda tasu tana ɓoye karbon ninkin abin da dajin tudu ke ɓoyewa. A Gazi, bakin tekun Kenya, masunta na tsaron eka 117 tun 2013, suna saida kimanin tan 3.000 a shekara. Mutanen gari ke zama su yanke abin da za a yi da kuɗin: sun jawo ruwan sha, sun sayi littattafan ƴan makaranta. Itacen da ke girma a ƙasa mai ruwa kaɗan irin tamu ba zai yi wannan sauri ba, don haka rabonmu a eka ba zai kai nasu ba.

Inda cinikin ya yi ɗaci

A Kachung, arewacin Uganda, wani kamfani ya dasa itatuwa domin karbon a filin da talakawa suka saba noma da kiwo. Aka hana su shiga. Kukansu ya yi yawa har hukumar ƙasar Suwidin da ke sayen takardun ta tsai da biya a 2015. A 2023 kuma, jaridar Guardian ta Ingila da wasu ƴan jarida suka buga bincike mai cewa galibin takardun tsaron manyan dazuzzuka da suka duba ba su ɗaure iskar da aka ce sun ɗaure ba. Masu buga takardun sun musanta, amma farashi ya faɗi. Kuɗin karbon na hawa na sauka kamar kuɗin wake, kuma ba manomi ke yanka shi ba.

Yarjejeniyar itatuwa takan ɗauki shekara 20 ko 30. Wanda ya sa hannu yau, ɗansa zai gaji alkawarin. Saboda haka, in baƙi sun zo, a tara gari duka: maza, mata masu ɗiban icce, da makiyayan da ke bin burtali. A sa ɗaya daga cikin waɗanda suka yi yaƙi da jahilci ya karanta takardar da Hausa, a gaban kowa. A tambaya: in sun saida tan guda, nawa ke zuwa gari? Yaushe ne biyan farko? Za a bar mu mu sassabe reshe, mu tsinki ƙaro, mu kai dabbobi? In fari ko wutar daji ta kashe itatuwan, bashin na kan wa?

Doka na bayan manomi, in ya san ta. Dokar karkara ta 1993 ta kafa hukumomin kula da filaye, waɗanda muka sani da sunan Kofo, inda ake rubuta shaidar mallakar gona. Wata doka ta ranar 30 ga watan Yuli 2020 ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itatuwan da ya rayar a gonarsa ta hanyar sassaben zamani. A nemi takardar Kofo tukuna, a kuma sanar da ma'aikatan gandun daji, kafin a karɓi ko goron baƙi.

Aikin aji: wani gari ya ba da eka 50. An yi masa alkawarin jika 3 a kowace eka a shekara, amma biyan farko sai bayan shekara 5. Nawa garin zai karɓa a ranar? In gidaje 60 ne a garin, nawa ne rabon kowane gida? Ku kwatanta shi da kuɗin buhun hatsi a kasuwarku ta wannan mako.