Dutse mai ajiya a ciki

A ƙasar Amurka, cikin jihar Ilinoi, akwai wani ƙaramin kogi da ake kira Mazon. A yankinsa ana samun wasu dunƙulallun duwatsu masu kama da ƙwai ko dankali. Daga waje ba su da wani kyau, amma a cikin wasunsu akwai ajiya.

Fiye da shekara miliyan 300 da suka wuce, wurin nan bakin teku ne. In ganye ya faɗi ko ƙaramar dabba ta mutu, sai laka ta rufe su da sauri. Sinadarin ƙarfe da ke cikin lakar ya taru kewaye da su, ya daskare, ya zama dutse. Siffar abin da ke ciki ba ta ɓace ba. Ita ake kira burbushin halitta.

Masu haƙar gawayin ƙasa ne suka tono duwatsun da yawa, suka zubar. Yanzu mutane kan je da bokiti su tsinto su.

Buɗe dutsen shi ne babban aiki. Mai gaggawa yakan buga shi da guduma, sau da yawa ya farfashe, ajiyar ta lalace. Mai haƙuri kuwa yakan jiƙa shi cikin ruwa kwanaki, ya sa shi a wuri mai tsananin sanyi har ruwan ya zama ƙanƙara, sannan ya bari ya narke. Ƙanƙara tana kumbura cikin ƴan tsagogin dutsen. In an maimaita sau da yawa, sai dutsen ya rabe biyu kamar ɓawon gyaɗa, daidai inda abin yake kwance.

Daga nan sai a duba da kyau. Ganye yana da jijiyoyi, kifi yana da ɓawo da ƙaya, jatan lande yana da ƙafafu da gaɓoɓi. Wani dutsen kuma babu kome a cikinsa.

A shekarar 1955, wani mutum mai suna Faransis Tuli ya samu wata dabba da bai taɓa gani ba. Tana da dogon baki kamar hannun giwa, da ƴan haƙora a ƙarshensa. Ya kai ta gidan kayan tarihi na birnin Shikago. Masana ma ba su san ta ba, sai aka sa mata suna Dodon Tuli. Har yau ana gardama a kan irinta.

Kalmomi
burbushin halitta: un fossile
ƙanƙara: la glace
gawayin ƙasa: le charbon

Tambayoyi
1. Yaya dutsen ya kewaye ganye ko dabba?
2. Don me guduma ba ta da kyau wajen buɗe shi?
3. Me Tuli ya yi da abin da ya samu?

Aiki
A ƙasar Adar ana tsintar ɓawon dabbobin teku cikin duwatsu. Me wannan yake nunawa?