Yadda ake gane ko saurin ma'ajiyar bayanai ta gida daidai yake

Wanda ya sayi akwatin NAS, wato ƙaramar kwamfutar nan da ake cika wa faifai a jona ta da rauta don na'urorin gida ko na shago su riƙa ajiya wuri ɗaya, ƙorafinsa na farko yawanci a kan sauri ne. Ya ga an rubuta 1000 a jikin kwali, sai ga shi yana kwafar bidiyo allon Windows na nuna masa 110, ya ɗauka an cuce shi. Alhali lambar kwali megabit ce a daƙiƙa, ta allo kuwa megabayit, kuma bit 8 ke yin bayit ɗaya. Raba 1000 gida takwas, ka samu 125. Cire abin da ke tafiya wajen adireshi da tantance saƙo, sai a tsaya tsakanin 110 da 118. In abin da kake gani ke nan a kan kebul na gigabit, na'urarka ta kai iyakarta, ka kwantar da hankalinka.

In kuma lambar ba ta kai haka ba, kada ka fara da zargin akwatin. Fayil yana bi ta faifan kwamfutarka, da katin sadarwarta, da kebul, da rauta ko suwic, da wani kebul ɗin, kafin ya isa faifan NAS. Wanda ya fi rauni a cikinsu shi ke yanke wa sauran sauri, don haka ɗaya bayan ɗaya ake gwada su.

Da farko shirya gwajin yadda ba zai yi maka ƙarya ba. Kashe Wi-Fi ɗin kwamfutar, ka jona ta da kebul. Roƙi mutanen gida su dakata da kallon fim daga akwatin. Nemi fayil guda babba, kamar bidiyo mai gigabayit 10, wanda ke zaune a kan SSD na cikin kwamfutar. Kada ka ɗauko shi daga filashi ko faifan waje mai USB 2.0, don shi kansa da ƙyar yake wuce megabayit 35. Kwafa fayil ɗin zuwa NAS, sannan ka kwafo shi baya, ka riƙe agogo. A kan gigabit mai lafiya, gigabayit 10 na ɗaukar kamar minti ɗaya da rabi. Kada ka kula da lambar daƙiƙun farko. A lokacin bayanai na shiga RAM ne, shi ya sa take yin sama sannan ta sauko. Inda ta zauna daga baya shi ne gaskiyar saurinka.

Yanzu karanta lambar. In ta tsaya cak a 11 ko 12 ba ta motsi, kusan ka gama bincike: wani wuri a hanyar ya faɗo zuwa megabit 100. A Windows, shiga saitin sadarwa ka duba bayanan Ethernet, za ka ga 1000/1000 ko 100/100. A Linux umarnin ethtool ke nuna shi, shafin kula da Synology ko QNAP ko TrueNAS ma yana nuna na ɓangaren akwatin. Duba duka bakin biyu.

Mai laifin a mafi yawan lokuta kebul ne. Cikinsa akwai siraran wayoyi 8 da aka murɗe biyu-biyu. Gigabit na buƙatar dukansu, megabit 100 kuwa 4 sun ishe shi. Saboda haka in waya ɗaya ta tsinke, ko mai ɗaura kan kebul bai matse shi da kyau ba, sau da yawa sadarwa ba ta yankewa, sai dai na'urorin su daidaita a kan 100 ba tare da sun gaya maka ba. Intanet na aiki, WhatsApp na shiga, ba ka san komai ba sai ranar da gigabayit 10 ta ci maka kwatan awa guda. Akwai kuma kebul mai araha da ke yawo a kasuwa, aluminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, yana karyewa da wuri, kuma in hanya ta yi tsawo sai ya fara gardama. Ɗauko gajeren kebul Cat5e ko Cat6 da ka amince da shi, ka maye gurbin kowanne bi da bi. Kada tsawon kebul guda ya wuce mita 100. Ka leƙa bayan rautar ma, don da yawa daga cikin masu arha ramukansu na 100 ne tun daga masana'anta, kuma babu kebul ɗin da zai gyara wannan sai ka sa suwic na gigabit a tsakani, ka jona kwamfuta da akwatin a jikinsa.

In bakin biyu sun nuna 1000 amma kwafi na tsayawa a 40 ko 60, sai a raba hanya da faifai. Manhajar iperf3 kyauta ce, aikinta tura bayanai daga RAM zuwa RAM ba tare da taɓa faifai ba. A ɓangaren akwatin, ko wata kwamfuta da ka jona a gurbinsa, rubuta iperf3 -s. A kwamfutarka rubuta iperf3 -c sai adireshin IP na wancan ɓangaren. Gwajin daƙiƙa 10 ne. Ƙara -R ka gwada ta ɗaya gefen. Gigabit mai lafiya na ba da kusan megabit 940. In ka samu haka, hanya ta fita daga zargi, saura akwatin.

Buɗe shafin da ke nuna aikin da yake yi. Sabon akwati yakan kwashe sa'o'i, wani lokaci kwanaki, yana daidaita RAID, wato tsarin da ke haɗa faifansa, yana kuma haɗa ƙananan hotunan kundin hoto. Haka in wuta ta ɗauke masa ba a kashe shi yadda ya kamata ba, yana iya tashi ya shiga binciken faifansa, ya yi nauyi har ya gama. A wajenmu da wuta ke zuwa tana komawa, wannan kaɗai ya isa dalilin sa masa UPS. In ƙwaƙwalwarsa na cike ɗari bisa ɗari lokacin kwafi, duba ko ka kunna ɓoye bayanai a kan ƙaramin akwati marar ƙarfi.

Faifai mai juyawa na zamani na iya ba da 150 zuwa sama da 200 a babban fayil, wato ya fi ƙarfin gigabit. Amma akwai nau'in da ake kira SMR, mai jera layukan rubutu suna hawa kan juna. Yakan fara da gudu, in rubutu ya yi tsawo sai ya zube. A 2020 an yi ta ce-ce-ku-ce bayan da aka gano wasu faifan WD Red, da ake sayarwa musamman don NAS, irin wannan ne. Nemi lambar samfurin faifanka a shafin kamfanin, ka tabbatar CMR ne, ba SMR ba. Duba rahoton lafiyarsa na SMART ma, don faifan da ya fara lalacewa yakan maimaita karatu, sauri ya riƙa hawa da sauka.

Sai ƙananan fayiloli, inda mutane suka fi rikicewa. Mai shagon hoto da ya tura hotuna da takardu dubu ashirin zai ga 20 ko ƙasa da haka, a kan hanyar da ta ba shi 113 da bidiyo. Ba lalacewa ba ce. Kowane fayil sai an buɗe shi, an rubuta sunansa, an rufe, kamar mai auna hatsi mudu-mudu maimakon ɗaga buhu. In kana yawan irin wannan aikin, ƙulle su cikin zip kafin turawa.

A ƙarshe ka mayar da Wi-Fi ka sake gwajin, amma da wani ma'auni daban. Waya ko laftof da ke nuna 866 a kan zangon 5GHz takan ba da kamar rabin haka a aikace, wato megabayit 40 zuwa 60 in kana kusa da rauta. A kan 2.4GHz, ko bayan bangon siminti biyu, ko 10 ka samu kada ka yi mamaki. Mai tace fim da 115 ba ta isarsa sai ya koma 2.5GbE, wanda ke kaiwa kusan 280, da sharaɗin kwamfuta da suwic da akwatin duk suna da irin wannan ramin.