Takarda mai sheƙi ta hana Baba tiyata

Tela ne, ya haura shekara sittin, bai taɓa sa taba a bakinsa ba. Tari ya kama shi, wani mai kemis ya ɗora shi kan maganin tibi ba tare da an gwada kakinsa ba. Ya shanye maganin kaf, tari na nan, rama na ƙaruwa. Da ya iso wurinmu gwajin tibi na GeneXpert bai ga komai ba, hoton CT kuwa ya nuna ƙari a saman huhun dama. Muka ciro tsoka, sakamako ya dawo: sankarar huhu ce, nau'in adenocarcinoma. Amma bai bazu ba, irin wanda ake yankewa ne. Na ce musu tiyata, kuma kada a ja lokaci.

Sai suka ɓace.

Da suka dawo, a keken marasa lafiya aka turo shi, yana dafe da ƙugu. Babban ɗansa ya zaro wata takarda mai sheƙi daga leda. "Likita, ai an yi wa Baba gwajin microRNA, har waje aka kai jinin. Sun ce nasa mai sauƙi ne, ba sai an sa masa wuƙa ba." Fili suka sayar suka biya. Na juya takardar gaba da baya: ba sunan likita, ba a faɗi waɗanne microRNA aka auna ba, sai wani koren zane da kibiya. Har kwalaben wani jiƙo aka haɗa musu da su. Sabon hoto ya nuna ciwon ya kai hanta da ƙashin baya. Baba ya dube ni ya ce, "Ɗana, to yanzu a yi aikin mana." Lokacin aiki ya riga ya wuce.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne microRNA ba ƙarya ba ce, ilimi ne na gaske ɓarayi suka fake da shi. Victor Ambros da Gary Ruvkun sun karɓi kyautar Nobel a 2024 kan aikin microRNA da suka fitar a 1993 a jikin wata 'yar tsutsa. A 2004 masu bincike a Nagoya ta Japan suka nuna cewa masu sankarar huhun da microRNA mai suna let-7 ya yi ƙasa a ƙarinsu ba sa daɗewa bayan tiyata kamar sauran. A 2006 wani bincike a Amurka ya danganta hauhawar miR-155 da mummunan ƙarshe a adenocarcinoma. A Milan ta Italiya an shafe shekaru ana gwada jerin microRNA 24 na jini tare da hoton CT a kan mashaya taba.

To amma duk wannan magana ce a kan tarin marasa lafiya, ba hukunci a kan mutum ɗaya ba. Ko a can ba a soke tiyata saboda microRNA. Matakin ciwo, nau'insa, gwajin EGFR da ALK, da ƙarfin jikin mai ciwon, su ke yanke shawara. Balle jinin da ya sha rana a bayan babur: jajayen ƙwayoyi na fashewa su zubar da nasu miR-451 da miR-16, sakamakon ya tashi daga aiki.

Ba gwajin jinin da ke maye gurbin ciro tsoka. Duk wanda ya ce maka kada a yi aiki alhali bai ga hotonka ba, ka tashi ka bar masa wurinsa. Wanda ke sayar da gwaji da magani a tebur ɗaya, ɗan kasuwa ne. Kuma rashin shan taba ba ya kore sankarar huhu, mata ma muna ganin ta a jikinsu.

Na sake faɗa: kada a jinkirta tiyata saboda takardar da likitanka bai nema ba. Ku kawo ta mu duba kafin ku biya, ba bayan an sayar da fili ba.

Ku kuma masu kemis, ku daina ɗora mutane kan maganin tibi da ka. Gwajin kaki kyauta ne a cibiyoyin tibi na gwamnati. In an fara magani tari bai lafa ba, a koma asibiti a ɗauki hoton ƙirji.