YAUSHE ZA KA SHUKA AUDUGARKA?

Ya kai manomin auduga, ka san babu asarar da ta fi ta wanda ya shuka da ruwan farko, sa'an nan sama ta ɗauke, iri ya mutu cikin ƙasa. Wanda kuma ya yi jinkiri har Yuli ta yi nisa, audugarsa ba ta yin nauyi ran awo. To, yanzu akwai abubuwa uku da ake haɗawa don a taimake ka ka san lokaci. Kamar duwatsun murhu suke, in an cire ɗaya tukunya ba ta zama.

Na farko, ma'aunin ruwa. Wani gwangwani ne mai lamba, ana kafa shi a fili nesa da itace. Kowace safiya a duba a rubuta. In an ce ruwa ya yi milimita 1, watau lita 1 ta sauka a kan kowace mita ɗaya tsawo da faɗi. A hekta guda lita 10,000 ke nan. Akwai kuma sandunan awo a bakin kogi, a Sarh kan Shari, a Mundu kan Logon, da nan Njamena inda kogunan biyu suka haɗu.

Na biyu, tauraron ɗan'adam. Ma'auni ba ya sanin abin da ya faru a ƙauyen gaba, shi kuwa tauraro yana ganin ƙasa duka. Akwai wanda ake kira Meteosat, na Turawa, an fara harba irinsa a 1977. Yana can sama wajen kilomita 36,000, yana aiko da hoto kowane minti 15 ko ƙasa da haka. Yana auna sanyin saman gajimare, gama hadarin da ya yi tsawo ya yi sanyi shi ne mai ruwa. Amma kintace yake yi, sai an gwada da abin da ma'auni ya nuna a gyara.

Na uku, lissafin kwamfuta. Ana zuba mata awon ƙasa da na sama, da zafin ruwan teku, da labarin damunan da suka wuce. Ita ke lissafa ko damina za ta faɗi da wuri, ko za a yi fari a tsakiya, ko kogi zai cika ya tumbatsa. Wannan aiki ne na cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974 bayan babban fari, ƙasarmu Cadi tana ciki. Kowace shekara kafin damina masana sukan taru su fid da bayani, ma'aikatar yanayi ta ƙasa ta sanar ta rediyo.

Ka tuna ambaliyar 2022 da ta 2024. Ruwan da ya ci unguwannin Njamena daga kudu ya gangaro, kuma sandunan Sarh da Mundu suna nuna tashin kogi kwanaki kafin ya iso.

Ga abin da za ka yi:

1. Ka gama sharar gona da huɗa kafin ƙarshen Mayu, iri yana hannu.

2. Kada ka shuka sai ruwa ya kai milimita 20 cikin kwana ɗaya zuwa uku. Ka tambayi malamin gona ko an hango fari a gaba.

3. In ruwan ya samu cikin Yuni, kada ka jira na gaba.

4. Kada ka zuba taki a busasshiyar ƙasa, ko ran da aka ce za a yi ruwa mai ƙarfi. Kuɗinka ne zai bi kwari.

5. Kada ka yi feshi hadari yana haɗuwa, ruwa zai wanke maganin ya bar maka tsutsa.

6. In an ce shekarar ruwa ce, ka bar fadama, auduga ba ta son kwantaccen ruwa.

7. In akwai ma'auni a ƙauyenku, ku tsare shi daga yara da awaki. Lambar da kuka rubuta ita ke gyara lissafin ƙasa duka.

Lalle ne ka sani, in an ce damina za ta yi kyau a lardinku, ba a ce kowace gona ba. Ruwa na Allah ne. Ka haɗa abin da ka ji da abin da ka gani, ka tona ƙasa da hannunka ka ga inda laima ta kai, kana ka ɗauki iri.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.

Malamin Gona, Kabalaye, Njamena