Filin Shawara: Kishiyata Waya Ce

Wasiƙu uku na zaɓo wannan makon, kuma duk na'ura ce ta haddasa su. Gara in tona wa kaina asiri tun da wuri: ni ma mayyar na'ura ce. Har yau akwai Nokia 3310 a cikin durowata, wadda na saya ba da daɗewa ba bayan layin salula ya shigo Najeriya a 2001, kuma in aka yi mata caji tana kamawa. Saboda haka wanda ke jiran in ce waya shaiɗan ce ya nemi wani filin.

Assalamu alaikum Anti. Shekararmu shida da aure, 'ya'yanmu biyu. Maigidana ba ya shaye-shaye, ba ya yawon dare, ban taɓa kama shi da neman mata ba. Kishiyata ɗaya ce, waya. Bara kaɗai sau uku ya canza. Da sabuwa ta fito sai ya ɗauki ta hannunsa ya nufi Farm Centre, ya yi ciko ya karɓo wata. Ga agogo mai ƙirga taku, ga abin kunne marar igiya, ga fawa banki har uku. Da daddare ya kwanta yana kallon Turawa suna buɗe kwalin waya a YouTube. In na yi magana ya ce ban gane ba, wannan kyamararta megafiksel 108 ce. Firijinmu kuwa wata huɗu ke nan da lalacewa, kuɗin makarantar babbar ma da adashina na biya. In kai ƙara wurin Hajiyarsa ne, ko in ci gaba da haƙuri? — Uwargida daga Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki bar Hajiya tukuna. Ranar da kika kai mata wannan magana, abin da zai tsaya masa a rai shi ne kin kunyata shi gaban uwarsa, zancen firiji kuma ya bi ruwa. Amma haƙurin yin shiru ma ban ba ki shawararsa ba. Ciyarwa da karatun yara nauyinsa ne, ba naki ba, kuma adashin da kika fasa bashi ne a kansa ko da bai faɗa ba.

Abin da ke cin mijinki shi ne kalmar nan "ciko". Mai yin musanye ba ya jin ya sayi waya, gani yake ƙari kawai ya yi. Ya manta cewa ɗan kasuwa ya karya farashin tsohuwar kafin ya karɓa, ya kuma ɗora ribarsa a kan sabuwar, wato sau biyu ake yankarsa a ciniki ɗaya. Ki samu ranar da ya ci ya ƙoshi, yara sun yi barci, ki ɗauko biro da takarda ki ce ya taya ki lissafi: nawa ya cika a karo na farko, nawa a na biyu, nawa a na uku. Kada ki tara masa, shi zai tara da hannunsa. Mutumin da ya haddace girman batir da saurin caji yana girmama lamba, kuma jimillar da zai gani za ta yi masa faɗan da ke ba za ki iya ba.

Tunda ya ce ba ki gane ba, bari in ba ki abin da za ki gane da shi. Yawancin wayoyin da aka rubuta wa megafiksel 108 suna haɗe ɗigo tara-tara su zama ɗaya, hoton da ke fitowa na megafiksel 12 ne, sai in mutum ya shiga saiti ya canza da kansa. Kamfanin Apple ya zauna a kan 12 ɗin nan tun daga 2015 har zuwa 2022, kuma ba wanda ya ce hotunan iPhone ba su da kyau a tsawon shekarun. Girman idon kyamarar da manhajar da ke gyara hoton su ne ke aikin, lambar kwali ta talla ce. Na biyu, da can sabuwar waya sabuwa ce da gaske. Wanda ya tashi daga mai madannai ya koma mai shafawa ya ga canji, haka wanda ya tashi daga 3G zuwa 4G. Yanzu kuwa ta bana da ta bara kamar Hassan da Husaini suke. Masu ƙera su ma sun san haka: Google a 2023, sannan Samsung a 2024, sun yi alƙawarin sabunta manhajar manyan wayoyinsu har shekara bakwai. Masu ƙerawa sun ce waya za ta kai shekara bakwai, maigida ya ce wata huɗu ya ishe ta! Abin da ke fara gajiya a waya batir ne, shi kuma ana canza shi da kuɗin da bai kama ƙafar na ciko ba. Su kuma masu buɗe kwali a YouTube, da yawansu kamfani ne ke aiko musu da wayar, buɗewar ita ce sana'arsu. Shi da kuɗin cefane yake bin sahunsu.

Kada ki nemi ya daina son na'ura. Ba zai daina ba, sai dai ya koma ɓoye miki, ki riƙa tsintar kwali a but ɗin mota. Ki nemi iyaka: waya ɗaya sai ta shekara biyu ko uku, kuma kuɗinta ya fito daga abin da ya ware bayan an gama da gida. Sannan ki juya masa akalar sha'awar zuwa cikin gida. Mai fawa banki uku mutum ne da rashin wuta ya dama. Ki tambaye shi, cikin neman sani ba gatse ba, wane irin sola da batir za su iya riƙe firiji da fanka. Ina kyautata zaton zai yi sati yana bincike, ya zo yana yi miki bayanin wat da inbata har ki gaji. Ki daure ki saurara, domin rabin abin da irinsu ke nema mai saurare ne. In duk wannan bai yi ba, sai ki nemi yayansa ko amininsa da yake jin nauyi. Hajiya ita ce ƙofar ƙarshe.

Anti, ɗana shekararsa 14. Babu abin da ya tsira a gidan nan: rediyon babansa, tocila, fankar caji, har agogon bango ya kwance. Wasu ya mayar sun yi aiki, wasu sun tafi ke nan. Babansa ya zane shi har ya gaji, yana cewa likita yake so ya zama, ba mai gyaran rediyo a bakin kasuwa ba. Yanzu yaron ya koma yi a ɓoye. Shekaranjiya na tarar da shi a bayan ɗaki yana ƙoƙarin fasa batirin tsohuwar waya da wuƙa. — Maman yara daga Gusau

'Yar uwa, bari in fara da wuƙar nan, don ita ce ta tayar mini da hankali. Batirin waya na litiyam ne, in aka huda shi ko aka lanƙwasa yana iya kamawa da wuta nan take, hayaƙinsa kuma guba ne. Wanda ya kumbura ya fi haɗari. Yau ɗin nan ki zaunar da shi ki gaya masa abubuwa uku da ba a taɓawa: batirin waya da na kwamfuta, duk abin da ke jone da wutar Nepa ko janareto, da cikin tsohuwar talabijin mai ƙeya, domin tana riƙe wuta a cikinta ko bayan an zare ta daga soket. Duka ne ya kai shi bayan ɗaki, inda babu mai gaya masa wannan.

Mijin baiwar Allah ta farko yana son mallakar na'ura, ɗanki yana son sanin abin da ke cikinta. Wannan na biyun shi ne mayen na'ura na asali, kuma irinsa ne suka ƙera duk abin da na farkon ke ciko yana saye. Steve Wozniak, wanda ya haɗa kwamfutar Apple ta farko a 1976, da wasan wayoyin lantarki ya taso tun yana yaro, kuma a wani taron masu karambani irinsa a Kalifoniya ya fara nuna ta. In Amurka ta yi wa maigida nisa, ki ba shi labarin William Kamkwamba na Malawi. Yunwa ta faɗa wa ƙasarsu, aka rasa kuɗin makarantarsa, sai ya riƙa zuwa wani ƙaramin ɗakin karatu yana duba hotunan littafin kimiyya. Yana sa'an ɗanki ya haɗa injin iska da tarkacen keke da ƙarafan bola, ya kunna ƙwan lantarki a gidansu. Abin da nake so baban ya lura da shi shi ne ƙarshen labarin: injin ne ya mayar da yaron makaranta, har ya gama jami'a a Amurka a 2014.

Ba na ce kowane mai kwance rediyo zai zama haka ba. Wani iyakarsa gyara, kuma ban ga abin kunya a nan ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a layi gaban teburin mai gyaran waya ya san suna samu. Sai dai baban yana da gaskiya ta wani gefe: hannu ba tare da lissafi ba yana da inda yake tsayawa. Mai gyara yana canza abin da ya ƙone, injiniya ya san dalilin ƙonewar. To ku yi ciniki da yaron. Kayan gida masu aiki sun haramta gare shi. A madadinsu a tara masa matattu daga dangi da maƙwabta, a saya masa sukundireba ƙanana da mitar gwada wuta, a ba shi kwali da kusurwar da zai baje kayansa a gaban idonku. Ranar Asabar da lokacin hutu a kai shi wurin mai gyara wanda kuka san halinsa, ya koyi riƙe dalma. In hali ya yi, akwai wani ɗan allo da ake kira Arduino, da shi yara ke koyon umartar fitila da ƙaramin inji ta hanyar rubuta manhaja, kuma da ƙaramar wuta yake aiki. Sharaɗin duka shi ne sakamakon lissafi da fizis ya yi kyau. In ya faɗi, a kulle kwalin sai wani zangon. Wannan zai fi masa bulala zafi.

Ki kuma gaya wa maigida, cikin ladabi, cewa asibitin da yake so ɗansa ya shiga cike yake da injuna, kuma akwai injiniyoyin da karatunsu kacokan a kan na'urorin asibiti yake.

Anti, ina ajin ƙarshe a jami'a. Na ba wanda zan aura kwamfutata ya duba don tana nauyi. Da ya dawo da ita sai na ga komai ya canza, wai ya goge Windows ya sa mini Linux, domin Windows 10 ta mutu kuma Linux ta fi. Babi biyu na furojet ɗina suna ciki, ya ce ya ɗauka ina da su a filashi. Ba ni da su. Yana ta ba ni haƙuri, amma har yanzu cewa yake wata rana zan gode masa. — Ɗaliba daga Zariya

'Yata, rufe kwamfutar nan yanzu, kada ki sake ajiye komai a cikinta. Abin da aka goge yakan saura a faifai har sai an rubuta wani abu a kansa, kuma duk kunnawar da kike yi tana rage damar. Ki kai ta wurin wanda ya iya dawo da fayil, shi kuma angon ya biya. Ban yi miki alƙawari ba, musamman in faifan irin na zamani ne da ake kira SSD. Ki duba imel da WhatsApp, wataƙila kin taɓa tura wa malaminki ko wata ƙawa.

A zancen ilimi yana da rabin gaskiya. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma yawancin kwamfutocin gwanjo da suka girmi 2018 ba su cika sharuɗan Windows 11 ba. Kwamfutar ba ta mutu ba, kariyarta ce za ta riƙa raguwa. Linux kuwa ba abin wasa ba ce. Wani ɗalibi ɗan Finlan, Linus Torvalds, ya fara ta a 1991, kyauta ce, tana farfaɗo da tsohuwar kwamfuta, kuma a kanta aka gina Android ɗin da ke wayarki. Ni kaina da ita nake rubuta wannan shafin. Amma masoyanta suna da ciwo guda: in sun ga kwamfutar mutum sai su ji kamar sun ga wanda za su yi wa wa'azi. Manhajar rubutunta, LibreOffice, tana buɗe fayilolin Word, sai dai tebur da lambar shafi sukan goce, kuma ba a tsakiyar furojet ake gwada wannan ba. Ya mayar miki da Windows ki gama, in ya so bayan kin kare ki gwada Linux daga filashi ba tare da an goge komai ba.

Kuskuren fayil kowa na iya yi. Abin da zan so ki zuba wa ido shi ne "wata rana za ki gode mini". An ba shi amanar dubawa, ya yanke hukunci a kan kayanki bai tambaye ki ba, kuma har yanzu yana ganin gata ya yi miki. Ki gaya masa a fili cewa ba Linux ce ta ɓata miki rai ba, rashin shawarar ne, ki ga yadda zai karɓa. Daga yau kuma duk babin da kika rubuta ki tura wa kanki ta imel kafin ki kwanta.