Lambun Itatuwan Hamada na Birnin Finiks

Mu a nan idan aka ce lambu, abin da ya ke faɗo mana a rai shi ne fadama da rijiya da jigo, ga albasa ga tumatir. Amma akwai wani irin lambu wanda ba don ci a ke yinsa ba, sai domin ilmi. A kan tattaro itatuwa da tsire-tsire daga ƙasashe dabam dabam a dasa su wuri guda, a kafa wa ko wanne ɗan allo mai sunansa da na ƙasarsa, masana su riƙa bincike, jama'a kuma su zo kallo. Wanda na ke so mu duba yau yana gefen birnin Finiks, cikin jihar Arizona ta Amurka, a hamadar da a ke kira Sonora.

An buɗe shi cikin shekarar 1939. Waɗanda suka tsaya tsayin daka a kan al'amarin su ne Gustaf Starck, mutumin Suwidin, da wata attajira Gertrude Webster, gama sun ga baƙin da ke ƙaura zuwa birnin ba su ɗauki itatuwan hamada bakin kome ba, sai sara su ke yi. Girman lambun eka 140 ne, tsire-tsiren cikinsa sun haura 50,000. Ruwan saman da Finiks ke samu a shekara bai wuce inci 7 ko 8 ba, alhali kuwa Kano ta kan sami fiye da inci 30.

Mai ziyara ya kamata ya yi sammako, ya riƙe gorar ruwa, in da hali kuma ya je tsakanin Oktoba da Afrilu, lokacin da zafi ya ke da sauƙi. Amma babban guzurinsa tambaya ce guda ɗaya, wadda zai yi a gaban ko wane itace: ina wannan ya ke samun ruwa, ina kuma ya ke ɓoye shi? Wanda ya shiga ba tare da ita ba, ƙaya kaɗai zai gani ya fito.

Sarkin lambun shi ne sawaro, daga dangin da a ke kira kaktus. Ba shi da ganye ko ɗaya. Ginshiƙi ne kore, ya kan kai ƙafa 40, rassansa a ɗage sama kamar mai addu'a. Saiwoyinsa ba su nutse ƙasa, yawancinsu inci 4 zuwa 6 ne kaɗai zurfinsu, amma sun bazu ko'ina gwargwadon tsawon itacen, don haka ko yayyafi aka yi sai sun tsotse shi kafin rana ta ƙafar da shi. Jikinsa kuwa yana da ninki-ninki daga sama har ƙasa, kamar zugazugin maƙeri. In ya sha ruwa ninkin ya buɗe, ya yi ƙiba har nauyinsa ya kai tan 2 ko fiye. In fari ya daɗe ya riƙa cin ajiyarsa, yana tsukewa kaɗan kaɗan.

Kai, sawaro ba ya gaggawa! Cikin shekara 8 na farko da ƙyar ya kan yi inci ɗaya da rabi, shi ma sai in ya dace ya tsiro a inuwar wani itace da zai kare shi daga rana da sanyi. Ba ya yin reshe sai ya shekara 50 ko 70, ya kan kuma rayu shekara 150 har zuwa 200. Cikin Mayu da Yuni ya kan yi farin fure mai buɗewa da dare, jemagu su zo shan zaƙinsa, da safe kurciyoyi da zuma su karɓa. Maƙwaƙƙwafi ya kan huda jikinsa ya yi sheƙa, in ya tashi wata 'yar mujiya ta gaje ramin. Mutanen ƙasar na asali, Tohono O'odham, su kan kaɗo 'ya'yansa da dogayen sanduna waɗanda su ke yi da haƙarƙarin mataccen sawaro, su dafa su yi maɗi, daga wannan kaka kuwa su ke fara lissafin sabuwar shekararsu.

Sauran itatuwan ko wanne da tasa dabarar. Okotiyo tsirarun sanduna ne masu ƙaya, ka ce busassu ne, amma in aka yi ruwa cikin 'yan kwanaki sai su cika da ganye, ƙasa na bushewa su zubar; ya kan yi haka sau da yawa a shekara guda. Palo berde, watau koren sanda da harshen Sifaniya, ɓawonsa ne kore, yana yi masa aikin ganye. Maskit kuwa saiwarsa ya ke aikawa can ƙarƙashin ƙasa neman ruwa.

A nan akwai abin da ya kamata mu malaman gobe mu kiyaye, don kada mu koya wa yara kuskure. Wanda ya ga kaktus zai rantse ɗan'uwan tinya ne ko ƙerana, tun da ya ke duk ga kauri, ga ƙaya, ga ƙarancin ganye. Ba dangi ba ne ko kaɗan. Asalin kaktus ƙasashen Amurka ne. Tinya da ƙerana kuwa dangin aguwa ne, in ka yanke su farin ruwa mai dafi ya ke fita, wanda ba a so ya taɓa ido. Ƙishirwa ce ta sa suka yi kama, kamar yadda kuka, da ba ta haɗa kome da sawaro ba, ita ma ta ke tara ruwa a gindinta.

Saura dabara ɗaya wadda ido ba ya gani. Ko wane tsiro yana da ƙananan ƙofofi a jikinsa inda ya ke shaƙar iskar da zai haɗa abinci da ita, ta nan kuma ruwansa ya ke fita. Yawancin itatuwa da rana su ke buɗe su. Sawaro kuwa rufewa ya ke yi da rana, sai dare ya yi sanyi ya buɗe, ya shaƙi iskar ya ajiye ta a jikinsa, kāna gari ya waye ya yi aiki da ita cikin hasken rana, ƙofofi a rufe. Ashe dukan tattalinsa a kan sanyin dare ya dogara.

To, cikin 2023 birnin Finiks ya yi kwana 31 a jere, daga 30 ga Yuni zuwa 30 ga Yuli, zafin rana bai kasa digiri 110 ba a awon Amurka, watau wajen 43 a awon da mu ke yi. Dare ma bai huce ba, gama kwalta da siminti na birni su kan riƙe zafi su yi ta sakinsa har asuba. An yi dare da yawa awo bai sauka ƙasa da 32 ba. Masanan lambun suka ba da labarin cewa waɗansu manyan sawaro sun zubar da rassa, waɗansu sun karkace, waɗansu sun faɗi ɗungum. Tun 2022 ma lambun ya fara ƙidayar sawaro na cikin birni, yana roƙon mazauna su riƙa ɗaukar hoton wanda ke kusa da gidajensu, su aika da bayanin lafiyarsa.